Hasken da Ke Cikin Kaset ɗin Walima

Ranar Juma'a da hantsi aka shiga ɗakin ajiya na gidan Alhaji Mahbub a Gude, aka tarar injin ban-ruwa ya yi ɓatan dabo. Ba a ɓalle kwaɗo ba, ba a fasa katanga ba, sai shatin ƙafafun injin a ƙasa da ɗan ɗigon baƙin mai. A shekarar kuwa fetur ya fi ƙarfin talaka, taki ya zama sai wane da wane, wanda duk ya rasa inji a tsakiyar rani ya rasa abincin shekara. Ga Shari'a ba ta daɗe da dawowa ba, bakin kowa cike da maganar haddi, har waɗanda ba za su iya kawo maka farillan alwala ba.

Kwana ɗaya kafin nan, ranar Alhamis da la'asar, an yi walimar saukar Alƙur'ani ta 'yar Alhaji a ƙofar gidan, aka ɗauko Lukuman mai bidiyo daga Gwarzo. Da ya kawo kaset bayan an sauko daga masallacin Juma'a aka kunna, sai ga abin mamaki. Ana cikin addu'a wani farin haske mai kama da faranti ya taso daga saitin rufin ɗakin ajiya, ya keta sama da gudu, ya je ya sauka bayan katanga, daidai inda dogon goran eriyar Baƙo mai gyaran rediyo yake tsaye.

Kafin magariba mutum goma sun tuna cewa sun ga abin da idonsu tun ranar, mantuwa ce ta hana su faɗa. Masu sauraron rediyo suka ce irin wanda ake gani a ƙasashen Turawa ne. Tsofaffi suka ce wane Turawa, aljanu ne. Abu guda kawai ɓangarorin biyu suka yarda da shi, Baƙo ne ya kira abin ya ɗauke masa inji. Matasan sintiri suka kama shi suka ɗaure a zauren mai unguwa, aka ce Litinin za a kai shi Kabo gaban alƙali.

* * *

Lahadi da safe Marka matar Baƙo ta sauka daga kan acaɓa a Kutama, ta yi sallama a ƙofar Malam Bashari mai bin sawu. Shekara talatin ya yi yana bin shanun sata daga nan har dajin ƙasar Katsina, yanzu gwiwa ta ƙi, ya kuma ce ya daina. Ba sawun ne ya ishe shi ba, mutane ne. Sau da yawa kafin a kira shi an riga an zaɓi ɓarawo, abin da ake so a gare shi kawai ya ce haka ne.

Ta durƙusa nesa kaɗan. Suka gaisa, ya tambayi gida da yara da zafin rana, tana amsawa da lafiya lau.

"Baba, gobe za su kai shi. Cewa suke yi hannu za a yanke."

"Ba a yanke hannu da maganar kasuwa, Marka. Alƙali sai ya ga shaida."

"Ai sun ce shaidar tana cikin talabijin. Mutum goma sun ce za su rantse." Ta share ido da gefen mayafi. "Shekara takwas muna garin nan, har yau 'yan zuwa muke. Ba mu da wanda zai tsaya mana. Da yatsun nan yake ciyar da mu."

Malam Bashari ya dubi gwiwarsa. Shi bai taɓa bin sawun abin da yake tashi sama ba, bai kuma so ya fara da tsufansa. Amma ya miƙa hannu ya jawo sandarsa.

* * *

Alhaji Mahbub ya tarbe shi da fara'ar da ba ta wuce leɓe ba. Ya kai shi ɗakin ajiyar, wanda ƙofarsa ke cikin gida ta ɓangaren mata. Aka sanar mata suka shige ɗakuna kafin maza su wuce.

"Wa ke riƙe makulli?"

"Ni. Ranar walima dai an bar shi a buɗe saboda ɗibar tabarmi da bahunan abinci. Amma Malam Bashari, kada ka wahalar da kanka. Mutum ɗari biyu suna ƙofar gida, ba wanda ya ga an fita da inji. Ta sama aka fita da shi."

"Da rufin ɗakin a rufe?"

"To su waɗannan rufi yana tare su ne?"

Malam Bashari ya juya. Ya fita ƙofar gida ya duba ƙasa. Ƙasar rani ce, ta bushe ƙamas, ƙafa ɗari huɗu sun tattake ta, an kuma share ta sau biyu. Abin da ya samu kawai shatin taya biyu, ya taso daga gefen gidan Alhaji ya miƙe har ƙofar Baƙo. Matasan da ke biye da shi suka fara kabbara. Ya bar su suka gama, sannan ya nuna musu ɗigon ruwa da ya bi shatin tun daga farko har ƙarshe, ya ce kurar mai ruwa ce, ta shiga gida bakwai kafin ta zo nan, har da gidan liman.

Baƙo yana zaune a ƙasa a zauren mai unguwa, hannuwansa a baya jikin ginshiƙi, leɓensa a fashe. Siririn mutum ne mai magana a hankali.

"Ina kake ranar Alhamis da la'asar?"

"Ina ɗakina, Baba, ina fama da rediyon wani Bafillace. Ba a gayyace ni walimar ba."

"Goran nan na saman gidanka fa?"

"Waya ce da murfin tukunya. Tashoshin nesa nake kamowa da shi in gwada rediyon mutane. Rabin masu zagina yanzu, a gindin goran nan suke jin labarai." Ya yi ƙasa da kai. "Sun tone ɗakina har ƙarƙashin gado, ba su ga komai ba. Sai suka ce ai wannan ma shaida ce."

* * *

Bayan azahar aka sami fetur rabin galan da ƙyar aka tada janareto. A wani aji na Islamiyya aka ajiye talabijin, aka toshe tagogi da tabarmi. Shugaban makarantar, Malam Najmuddeen, wanda ya jagoranci walimar, ya zauna a gaba. Lukuman ya tsaya gefen na'ura yana ta murmushi, don tun Juma'a mutane ke zuwa daga Kabo da Gwarzo neman kaset ɗin, bai taɓa yin kasuwa irin wannan ba.

Aka kunna. Ga maza a jere hannuwa a sama, ga Malam Najmuddeen yana addu'a. Can sai hoton ya yi sama, farin abin ya taso ya keta. Waɗanda suka leƙo ta ƙofa suka yi salati kamar yau suka fara gani.

"Mayar da shi baya," in ji Malam Bashari.

Sau shida yana sa a mayar. Tun daga na biyu ya daina kallon hasken, kamar yadda ba ya kallon sawu shi kaɗai sai ya haɗa da ciyawar da ke gefensa. Ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashi, ya ɗora yatsa a kusurwar ƙasa ta hagu.

"Malam, kajin wa ne waɗannan?"

"Na gidan Alhaji ne. Shinkafar da ta zube suke tsinta," in ji Malam Najmuddeen.

"Kaza da 'yan tsaki. Ko ƙaramin shaho ne ya gitta, kafin mutum ya ɗaga kai ta kwashe 'ya'yanta ta shige ƙarƙashin rumbu. Ga abu kamar faranti ya taso a kanta, ko kai ba ta ɗaga ba. A cikin mutum ɗari biyun nan ma nuna mini ɗaya da ya kalli sama."

Aka sake mayarwa. Babu ko ɗaya, har da mutum goman da za su rantse, uku daga cikinsu ga su nan a sahun gaba ido a rufe.

"Sannan dubi reshen darbejiyar nan. Abin da ke can sama nesa, bayan reshe yake wucewa. Wannan ta gabansa ya bi. Kafin ya tashi ma a kan hular Alhaji yake zaune. Dubi kuma sandar lasifika a gefe. Sanda ta fara zamewa, haske ya fara gudu. Sanda ta tsaya, haske ya tsaya. To sanda dai a kafe take, ba ta tafiya." Ya juyo a hankali. "Lukuman, hannunka ne ya yi tafiya."

Murmushin Lukuman ya dushe. "Baba, ai bin abin na yi."

"Ba ka bi shi ba, shi ya bi ka. Ranar tana gabanka, ko ba haka ba?"

Lukuman ya ce haka ne. Ya ce wani lokaci idan rana ta daki gilashin kyamara ta gefe takan haifar da irin wannan tabon, ya sha gani a kaset ɗin biki, sai dai bai taɓa yin kyau kamar wannan ba. Da ya ga mutane sun ɗauka da zafi, ya ga ba shi ne zai ɓata musu ba.

Ran Malam Bashari ya ɓaci ƙwarai, amma gajiya ta hana shi faɗa. "Allah ya shirye ka. Ana tsakiyar addu'a, me ya sa ka fizge kyamara ka kalli sama da ita?"

Lukuman ya dubi Malam Najmuddeen. "Sharaɗin Malam ne. Ya ce idan mace ko ɗaya ta fito a kaset, ba zan ƙara aiki a garin nan ba. Ina cikin ɗauka sai na ga mata sun fito ta ƙaramar ƙofar lungu, ɗauke da bahuna. Shi ne na kawar."

"Na faɗa masa haka," in ji Malam Najmuddeen. "Mu ma duk da muka ji motsinsu ƙasa muka kalla."

"To, shi ke nan," Malam Bashari ya ce, ya dafa sanda ya miƙe. "Mutum ɗari biyu, ba wanda ya ga an fita da inji."

* * *

Ba namijin da ya duba lungun mata, kunya ba ta bari ba, sai yanzu da Malam Bashari ya shiga. Nan ne makwararar gidan take fitowa, ranar walima kuwa an yi wanke-wanke mai yawa, ƙasar ta jiƙe, sannan rana ta gasa ta da duk abin da ya taka ta. Sawun silifas ne birjik. Mata masu komawa gida da bahon da ba komai a ciki takunsu sama-sama yake, mai faɗi. Guda ɗaya ne ya nutse har gefen ƙafa ya fito, taku gajere, yatsu a ware, dunduniyar hagu da alamar ƙusa inda aka gyara maɗauri. Wannan ba kwanukan tuwo ta ɗauko ba.

Ya hana matasan biyo shi. Sawun ya ɓace a kan hanya, ya sake samunsa a yashin bayan gari, ya gangara fadama. Gwiwa na yi masa zugi, yana tafiya yana tsayawa. Fangalin mutane duk sun yi yaushi saboda rashin mai, sai wata 'yar gonar albasa a ƙarshe, ƙasarta baƙa da danshi. Wata mace mai kimanin shekara hamsin tana durƙushe a ciki tana cire ciyawa. Silifas ɗinta na ajiye a kan kunya, ya ga ƙusar tun kafin ya ƙarasa.

Ya yi sallama, ya yi mata sannu da aiki. Ya san ta. Indo ce, matar marigayi yayan Alhaji Mahbub. Ba ta tambaye shi abin da ya kawo shi ba, ta nuna bukkar kara da haɓa.

"Yana ciki. Ban ɓoye shi don in sayar ba."

"Na sani."

"Maigidana ne ya saye shi da guminsa, shekara biyu kafin ya rasu. Ranar sadakar bakwai Alhaji ya ɗauke, wai ajiya har a raba gado. Damina biyu ke nan ba a raba ba. Sau uku ina aika masa, albasar marayu tana ƙonewa, ya ce in yi haƙuri." Ta karkaɗe hannu. "Da na shiga ɗaukar baho na gan shi a kusurwa, sai na ji kamar mai shi ne yake kallona. Na sa a baho na rufe da zane, na ɗora a ka. Wuyana har yau bai dawo daidai ba."

"Kin ji an kama Baƙo?"

"Na ji. Na ce tunda ba su sami komai a gidansa ba za su sake shi. Jiya na ce yau, yau na ce gobe. Wallahi abinci ba ya wuce mini."

"Gobe Kabo za a kai shi."

"Idan na faɗa, ni za a yanke?"

"Ni ba malami ba ne. Amma na sha jin cewa wanda yake da haƙƙi a cikin abu, ba a yi masa haddi a kansa. Surutu dai za ki sha, wannan ba zan ɓoye miki ba." Ya juya. "Bayan la'asar zan tara su a ƙofar gidan Alhaji. Ba zan kira sunanki ba sai in ya zama dole. Ina roƙon ki kada ki bari ya zama dole."

* * *

Aka sallame la'asar gari ya taru. Mai unguwa ya zauna a kujera, Alhaji Mahbub da Malam Najmuddeen a gefensa. Aka kawo Baƙo a ɗaure aka zaunar a ƙasa. Marka na tsaye can jikin katanga ita kaɗai, ba macen da ta matsa kusa da ita.

Malam Bashari ya sa Lukuman ya tsaya daidai inda ya tsaya ranar Alhamis, ya haɗa kyamara da talabijin a kan tebur, ya fuskanci rana. Tabon ya fito ya zauna a kan rawanin mai unguwa. Jama'a suka ja da baya. Duk suka ɗaga kai, sama fes, ko tsuntsu babu.

"Juya hagu."

Hasken ya keta ya sauka gidan Baƙo.

"Yanzu juya dama."

Ya keta ya sauka a kan rufin gidan Malam Najmuddeen. Wani ya tuntsire da dariya, ya yi maza ya mayar da ita tari.

"Idan wannan shaida ce, sai a kawo wata igiyar," in ji Malam Bashari. "Rana ce a cikin gilashi. Duk inda mai kyamara ya juya, can za ta je."

Alhaji Mahbub ya gyara zama. "To mun ji. Haske ba komai ba ne. Amma injina fa? Ƙafa gare shi? Wannan bai wanke mutumin nan ba, kowa ya san halinsa."

"Wane hali, Alhaji?"

Ba wanda ya iya faɗar halin. Amma aka fara gunaguni, wasu na cewa ai gara dai a kai shi, alƙali ya tantance. Malam Bashari ya dubi bakin lungu, bai ga kowa ba. Ya ji nauyin abin da zai yi, tona asirin uwar marayu a gaban gari, ya buɗe baki ke nan sai ga Indo ta fito, baho a ka, tana taku gajere. Maza suka sunkuyar da kai kamar yadda suka saba. Ta sauke bahon a gaban mai unguwa da ƙarar da ta sa dole suka ɗago, ta yaye zanen.

"Ga shi nan. Ni na ɗauka, a gabanku na wuce da shi. Injin mijina ne. Malam Najmuddeen, kai ka yi masa salla, ka faɗa wa Alhaji yaushe ake raba gadon marayu."

"Yaya Indo," Alhaji ya ce, muryarsa ta yi ƙasa, "ai wannan maganar cikin gida ce."

"Da a cikin gida take. Kai ka fito da ita, ka sa aka ɗaure bawan Allah."

Malam Najmuddeen ya yi gyaran murya ya ce babu sata a nan, gado kuma za a zauna a kansa cikin makon nan, shi da kansa zai zo. Mai unguwa ya ce a kwance Baƙo, a kuma yafi juna, kowa yana kuskure. Mutum goman nan da za su rantse, aka neme su aka rasa.

Kullin ya ƙi kwantuwa, sai da aka sa wuƙa. Hannun hagu ya dawo gaba da kansa. Na dama sai da Baƙo ya kamo shi da na hagun ya ɗora a cinya. Ya kumbura ya yi baƙi tun daga wuyan hannu, inda igiyar ta nutse cikin nama kwana biyu ba wanda ya sassauta. Malam Bashari ya tsuguna duk da gwiwarsa, ya matsa yatsun ɗaya bayan ɗaya.

"Kana ji?"

"A'a, Baba."

"Wannan fa?"

"A'a."

Malam Bashari ya sha ganin ƙafar saniyar da ɓarayi suka dabaibaye haka a daji, ya kuma san yadda take ƙarewa. Da safe ya zauna gaban mutumin nan yana yi masa tambayoyi, bai zagaya bayan ginshiƙi ya duba ba. Ya ce a nemo mota a kai shi asibiti yanzu-yanzu, aka ce mai motar ba shi da mai, sai dai gobe. Yawancin jama'ar ma ba su ji ba, sun koma sun kewaye Lukuman, kowa na roƙon a juya kyamarar a sauke masa hasken a kan gidansa ya gani.

Marka ta kawo ruwa a kofin silba, ta durƙusa ta sa wa Baƙo a hannun dama yadda ta saba, ta naɗe yatsunsa a jikin kofin. Tana saki ya faɗi, ruwan ya bi ƙasa. Ta ɗauka ta goge shi da mayafi, ta koma ta sake cikowa, ta riƙe masa a baki ya sha.